Ƙotar bindiga ta karkace: a gasa ta, a fafe ta, ko a ba ta lokaci?

Tambaya: Ina da bindigar farauta mai ƙotar katakon walnot. Na cire ƙarfen na jingine ƙotar ita kaɗai a ɗakin ajiya na wasu watanni. Da na mayar da ƙarfen sai na tarar gaban ƙotar, inda bututu yake kwanciya, ya karkata hagu yana dannar bututun, saiti kuma ya daina tsayawa wuri ɗaya. Wani ya ce in turara ta da tururi in ɗaure ta a jikin miƙaƙƙen katako. Hakan zai yi?

Amsa: Malam, tururi yana lanƙwasa katako, wannan babu musu. Amma miƙar da ƙota yau abu ne mai sauƙi, a sa ta zauna a miƙe bayan wata shida shi ne aikin, kuma wannan ya danganta da abin da ya karkatar da ita tun farko. Akwai ƙotar da nauyi da mugun ajiya suka tanƙwara, wannan zafi yana gyara ta gyara mai ɗorewa. Akwai kuma wadda karkatar tana cikin halittar katakon, wannan ko sau nawa ka gasa ta sai ta koma inda take so da zarar iska ta sauya. Don haka kafin ka ɗora tukunya a wuta, ka fara gano wacce ce a hannunka. Ga irin matsalar da ka kwatanta ma, tururi shi ne abu na ƙarshe da zan ɗauka.

Kafin komai, ka tabbata babu harsashi a ciki, ka duba da ido ka kuma taɓa da yatsa. Ka raba ƙarfe da katako gaba ɗaya, harsashi da albarushi kuwa a fitar da su daga ɗakin da za a yi aiki da zafi.

Sai ka tabbatar cewa ƙotar ce ta karkace da gaske. Sau da yawa ƙarfen ne bai zauna daidai ba: an ɗaure noti ɗaya fiye da ɗaya, ko wani ɗan datti ya shiga ƙarƙashin mazaunin ƙarfen, ko katakon wurin ya kumbura ta gefe guda. Mazaunin in ya goce da kaurin takarda, kafin a kai ƙarshen bututu gocewar ta ninka sau da yawa, sai ido ya ɗora wa gaban ƙota laifin da ba nasa ba. Gwajin ba shi da wuya. Ka ja siririn zare ya bi ta tsakiyar ramukan notuka biyu da ke riƙe ƙarfen, ka miƙa shi har ya wuce ƙarshen ƙotar, ka ga ko ya faɗa a tsakiyar kwarin da bututu yake kwanciya. Ka auna gocewar da rula ka rubuta, tare da ranar da ka auna. Ka kuma bi zaren ka ga daga ina karkatar ta fara, domin wadda ta bi tsawon gaban ƙotar a hankali daban take da wadda ta karya kwana a wuri guda. Ta biyun galibi akwai ƙulli ko juyawar jijiya, wato layukan zaren katako, a daidai wurin.

Ka gwada murɗewa ma. Ka gicciya miƙaƙƙun sanduna biyu a saman ƙotar, ɗaya kusa da mazaunin ƙarfe ɗaya a ƙarshe, ka sunkuya ka hango su daga gindi. In sun yi layi ɗaya, lanƙwasa ce kawai. In ɗaya ta ɗaga kafaɗa, ƙotar ta murɗe, kuma wannan ita ce mafi taurin kai a cikin duk nau'o'in karkata. (Ga masu bindigar harbin tsuntsaye: in kun ga gindin ƙota ya ɗan kauce dama da milimita 3 zuwa 6, kada ku yi saurin cewa ya lalace. Maƙeran bindiga, musamman na Ingila, da gangan suke kautar da shi don idon mai harbi da hannun dama ya hau layin bututu. Mutum kan iya ɓata rana yana gyara abin da aka biya kuɗi aka yi.)

Yanzu ga dalilin da katako yake motsi. Ko ya shekara ɗari da sarewa, bai daina shan danshin iska yana fitarwa ba. A iskar da laimarta take kashi 30 cikin 100, katako kan tsaya da ruwa kamar kashi 6 na nauyinsa. A laima kashi 65 ya kai wajen kashi 12, a laima kashi 80 ya haura zuwa wajen 16. Duk sauyin da ya faru ƙasa da kashi 30 na ruwa, jikin katakon yana biye da shi, ya kumbura ko ya tsuke. Sai dai ba ya yin haka daidai ta kowane ɓangare. Walnot na Amurka, daga ɗanye zuwa bushewa ƙarau, yana tsukewa kusan kashi 8 ta bin zagayen zobban shekarunsa, kashi 5 da rabi ta daga tsakiyar gungume zuwa ɓawo, amma ta tsawo bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 ba. Itacen bic, wanda aka yi ƙotocin bindigogin soja da yawa da shi, ya fi haka rashin haƙuri, domin ta zagaye yana kai kusan kashi 12. Wannan na cikin dalilan da suka sa walnot ya zama sarkin ƙota: bambancin motsinsa ta ɓangarorin biyu kaɗan ne.

In ka yi lissafi da gaban ƙota mai faɗin milimita 45, ruwansa ya tashi daga kashi 8 zuwa 14, faɗin zai ƙaru da wajen milimita 0.7. Wannan shi kaɗai ba ya karkatar da komai muddin jijiyoyin katakon sun bi tsawon ƙotar a miƙe kuma ko'ina ya sha ruwa daidai. Matsala tana zuwa ne ta hanyoyi uku. In jijiyar ta bi a karkace ta fita ta gefe, to wani kaso na wancan babban motsi na faɗi ya shiga cikin tsawo, gefe ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, sai ƙota ta lanƙwashe. In bishiyar ta girma a jingine, ɓangarenta na sama yakan yi wani irin nama mai tsukewa ta tsawo ninki da yawa fiye da sauran, kuma idan an yanko ƙota rabi daga wannan nama rabi daga lafiyayye, to rigima ta zauna a cikinta har abada. Na uku shi ne shan ruwa ba daidai ba: waje an shafe shi da mai ko banish, cikin kwarin bututu da ƙarƙashin murfin gindi kuwa an bar su tsirara. Kamfanoni da yawa haka suke sakin ƙota, don mai saye ba ya leƙa ciki.

Taka kuma tana da dalili na huɗu, wanda shi ne yake ba ni fata. Katakon da yake ɗauke da nauyi, ko da nauyin kansa ne, in danshi yana shiga yana fita, a hankali yakan saki jiki ya karɓi siffar da aka bar shi a ciki. Ƙota siririya a jingine a bango, babu bututun da zai tallafe ta, ga gefe ɗaya yana fuskantar bango mai sanyi ɗaya yana shan iska, ta haɗa duk sharuɗɗan. Ka juya ƙotar ka kalli gabanta ta ƙasa da ta sama. In layukan jijiyar sun tafi a miƙe daga mazaunin ƙarfe zuwa ƙarshe, ajiya ce ta yi ɓarnar, kuma gyara zai zauna. In sun yanke ta gefe, musamman ta ɓangaren da ta karkata, ka san da halinta aka haife ta, ajiyar kawai tona shi ta yi.

Abu na farko da za ka yi shi ne haƙuri. Ka shigo da ƙotar ɗakin da bindigar za ta riƙa zama, ka kwantar da ita a kan sanduna biyu yadda iska za ta zagaye ta, nesa da rana da duk wani abin ɗumama ɗaki. In kana da sikeli mai auna giram, ka riƙa auna ta duk bayan kwana uku ko huɗu. Ranar da nauyin ya daina sauyawa, ruwanta ya daidaita da iskar ɗakin. Wannan kan ɗauki mako uku zuwa shida. Sai ka sake jan zaren. Ƙota da yawa suna dawowa rabin hanya da kansu, wasu ma gaba ɗaya. Wanda ya fafe ko ya gasa ƙota tana jiƙe, ya yi aiki ne a kan siffar wucin gadi, in ta bushe sai ta goce ta ɗaya gefen.

A ce bayan wannan jira saura milimita 1 ko 2 a ƙarshe. To ni a nan ba zan lanƙwasa komai ba. Abin da ya dame ka ai saiti ne, kuma abin da ya ɓata saitin shi ne taɓawar da katako yake wa bututu. Tunda gaban ya tafi hagu, bangon dama na kwarin ne yake tura bututun. Ka dubi ƙanƙantar abin da ake magana a kai: bututu mai tsawon santimita 60, in an ture bakinsa da kashi 2 cikin 10 na milimita, harsashi zai kauce fiye da santimita 3 a nisan mita 100. Mafi muni, turawar ba ta tsayawa a ƙarfi ɗaya. Bututu ya yi zafi ta sauya, laima ta ƙaru ta sauya, ka ɗora gaban ƙota a kan wani abu mai tauri ta sauya. Shi ya sa ka ga harbinka yana yawo maimakon ya kauce wuri guda da za ka iya gyarawa a madubin saiti.

Maganin shi ne a raba su. Ka mayar da ƙarfen ka ɗaure, ka zura tsiri na takarda ƙarƙashin bututu ka ja ta baya, inda ta cije ka sa alama da fensir. Ko ka shafa wa bututun baƙin hayaƙin kyandir, in ka cire za ka ga inda ya bar tabo. Sai ka naɗe sanfefa mai lamba 80 ko 100 a jikin mulmulalliyar sanda mai kaurin bututun, ka ci wurin tabon kawai, ka gwada, ka sake ci. Kada ka taɓa mazaunin ƙarfen, kuma ka kiyaye leɓen saman kwarin don kada ya yi tudu da kwari. Mutane sukan tsaya da zarar takarda ɗaya ta wuce. Ga ƙotar da ta riga ta nuna tana motsi, wannan bai isa ba. Ka bar sarari kamar milimita 1, wanda kati mai kauri zai ratsa ba tare da ya cije ba, kuma ko ka matse gaban ƙota da bututu da hannu a hankali ba za su haɗu ba. Abin da za ka rasa shi ne kyan gani, don sararin dama da na hagu ba za su zo daidai ba. Ni dai a bindigar aiki ban ɗauki wannan asara ba.

Akwai inda ba a yin haka. Wasu bindigogi, kamar Lee-Enfield mai lamba 4 ta sojan Birtaniya, an ƙera su ne da nufin ƙarshen ƙota ya riƙa ɗan tura bututu sama, in ka fafe wurin ka lalata tsarin. Wasu bindigogin farauta masu siririn bututu ma suna da ɗan tudu a ƙarshen kwarin don wannan aiki. Tura ta sama daga tsakiya da gangan ne, tura ta gefe kuwa kullum aibi ne. Haka nan in bindigar tsohuwa ce mai daraja a wurin masu tara kayan tarihi, da hatimai da lambobi a jikin katakon, duk abin da sanfefa ta ci ba ya dawowa, kuma darajar tana tafiya da shi.

To in karkatar ta kai milimita 4 ko 5, yadda fafewa za ta mayar da bangon kwarin kamar takarda, ko kuma ba ka so a cire katako, sai a zo maganar zafi. Zaruruwan katako a manne suke da wani sinadari da ake kira liginin. In ya yi zafi yakan yi laushi, zaruruwan su ɗan zame a jikin juna, in ya huce ya kama su a sabon wuri. Danshi yana saukar da zafin da ake bukata: a jiƙaƙƙen katako liginin yana sakin jiki tun ƙasa da digiri 100 na Selsiyos, a busasshe ƙarau sai an haura haka sosai. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun faɗi gaskiyar da kimiyya ta tabbatar. Masu lanƙwasa katako da tururi suna ba shi awa ɗaya ga kowane inci na kauri, wato milimita 25, kuma sun fi son wanda iska ta busar a kan wanda aka busar a tanda. Da wannan hanya Michael Thonet, Bajamushen da ya zauna a Ostiriya, ya fitar da shahararriyar kujerarsa mai lamba 14 a 1859, da katakon bic. Dabararsa ita ce ɗaura bel na ƙarfe a bayan lanƙwasa, domin katako mai zafi yana jure matsewa ƙwarai amma ba ya jure miƙewa, da ya miƙe kashi 1 ko 2 sai ya tsage. Ka riƙe wannan, don gefen da ake ja shi ne inda ƙota take fashewa.

Sai dai Thonet ɗanyen sanda yake turarawa kafin a yi mata ado. Kai kuwa ƙotarka gamammiya ce. Tururi zai tayar da gashin katakon, ya ɓata shafen da ke jiki, ya kumbura zanen da aka sassaƙa a wurin riƙo har ƙananan tsinayensa su daƙushe, ya sauya girman mazaunin ƙarfe da aka sassaƙa daidai wa daida, ya kuma saki duk wani gam, ko na baƙin katakon ado da ake liƙawa a ƙarshe ko na wata tsohuwar tsaga da aka gyara ba ka sani ba. Bayan haka ka cusa mata ruwan da zai ɗauki makonni yana fita, kuma yana fita tana sake motsi. Lanƙwasar da kake nema ƙarama ce ƙwarai in an kwatanta da ta ƙafar kujera, ɗan danshin da ke cikin ƙotar ya ishe ta. Saboda haka busasshen zafi nake zaɓa, a daidai wurin da ake bukata kawai.

Ka samu katako mai kauri, miƙaƙƙe, wanda ya fi ƙotar tsawo, ka kafe shi a tebur. Ka kwantar da ƙotar a kansa ka ɗaure ɓangaren mazaunin ƙarfe da kyau, da fata ko ƙyalle mai kauri a tsakani don kada abin matsewa ya bar shaida. Ka sa abin tokarewa a inda lanƙwasar ta fara, ta gefen da za ka tura zuwa gare shi, shi ne zai zama madogarar da ƙotar za ta juya a kanta. A ƙarshe kuma ka kafa abin turawa, noti mai zare ya fi, don yana ba ka damar ƙarawa kaɗan kaɗan. Ka cika kwarin bututu da mulmulalliyar sanda da ta zauna daidai, in ba haka ba bangon kwarin ne zai rufta ciki, jikin ƙotar bai motsa ba. Turawar ma ta sauka a ƙasa inda nama yake da kauri. Kada ka yi amfani da bututun bindigar a matsayin abin ɗaurewa.

Ka shafa wa wurin ɗanyen man linsid, wato man tsiro da ake shafa wa katako, ka rufe sauran ƙotar da takardar alminiyam. Fitilun zafi guda biyu, ɗaya ta kowane gefe a nisan kamar taƙi ɗaya, sun fi na'urar hura iska mai zafi, don ita tana ƙona fatar katakon kafin ciki ya ji komai. Katako ba ya isar da zafi da sauri, saboda haka gaggawa ba ta da amfani a nan. Abin da kake so shi ne tsakiyar naman ta kai digiri 80 zuwa 100, fatar kuma kada ta wuce 120. Ga gaban ƙota wannan kan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya. In ka ga launi ya fara duhu ko ka ji ƙauri, ka ja fitila baya nan take. In shafen banish ne mai kauri, ka sa a ranka zai yi ƙuraje sai an sake shi. Shafen mai ya fi jurewa.

Hannunka ne zai gaya maka lokaci. Ka ɗan juya notin: in ƙotar tana mayar maka da martani da ƙarfi, ba ta nuna ba, ka ƙara mata zafi. In ta nuna za ka ji ta bi ka ba gardama. Sai ka riƙa juyawa kwata kwata, kana hutawa tsakani, kana saurare. Ƙaramar ƙara ɗaya kamar ta karyewar tsinke ta isa ka tsaya. Dole ka wuce layin tsakiya, domin in an sake ta za ta ɗan koma. Ni nakan fara da ƙarin kashi ɗaya cikin uku na karkatar, wato in ta kauce milimita 6 hagu, in kai ta milimita 2 dama da layi. Gara ka gaza ka maimaita da ka zarce, tunda kowace gasawa tana ƙara busar da katakon tana rage masa juriya. Ka kashe fitila ka bar ta a ɗaure. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, mako guda ya fi. Tsummokaran da suka sha man linsid kuma kada ka dunƙule su ka jefa a kwando, suna iya kamawa da wuta da kansu. Ka shanya su a buɗe ko ka nutsa su a ruwa.

Bayan ka kwance, kada ka yanke hukunci a ranar. Ka ja zare ka rubuta, ka sake bayan mako biyu, ka sake bayan wata guda. In ta tsaya, ka yi nasara. In tana komawa a hankali, jijiya ce take magana, kuma sake gasawa ɓata lokaci ne. Irin wannan ƙota sai an sa mata ƙashin baya.

Yadda ake yi: a fafe dogon rami a ƙasan kwarin bututu, faɗin milimita 6 zuwa 8, daga gaban mazaunin ƙarfe zuwa kusa da ƙarshe, a kula kada a huda ƙasa ko a ci ramin maratayin igiya. Ramin kansa yana rage wa katakon ƙarfin gardama, sai ka ga ƙotar da ta ƙi miƙewa tana bin hannu ko ba zafi. A ɗaure ta a miƙe a kan wancan katakon, a zuba gam na efoksi mai jinkirin kamawa, a nutsa sandar zaren kabon ko ta alminiyam a ciki, a bar ta a ɗaure kwana biyu. Sandar baƙin ƙarfe ma tana yi, amma tana ja wa bindiga nauyi gaba. Ga wani abu da ake yawan kuskurewa: ƙarfin sanda yana bin kaurinta ta fuskar da ake lanƙwasa ta, kuma in kaurin ya ninka biyu ƙarfin ya ninka takwas. Tunda taka ta gefe take karkata, falle mai faɗi a kwance, ko sanduna biyu kafaɗa da kafaɗa, sun fi falle ɗaya a tsaye nesa ba kusa ba. In za ka mayar da ƙarfen bindigar kafin gam ya bushe, ka shafe shi da kakin zuma ko man goge takalmi ko'ina, in ba haka ba ka haɗa ƙarfe da katako auren da babu saki.

Ko wace hanya ka bi, ka toshe ƙofofin danshi, don nan ne yawancin gyara yake rushewa. Cikin kwarin bututu, mazaunin ƙarfe, ramukan notuka, da ƙarƙashin murfin gindi duk su sha shafe. Wurin da aka yanke jijiya a gicciye, kamar gindi da ƙarshen gaba, yana shan danshi ninki goma ko fiye a kan gefe. Man linsid yana da kyau a ido da hannu, amma kusan ba ya tare danshin iska. A ciki inda ba a gani, banish ko siririn efoksi shafi biyu zuwa uku ya fi. Babu shafen da yake hana danshi shiga kwata kwata, amfaninsa shi ne ya rage gudun shigar ya kuma sa ciki da waje su tafi tare.

In da a wuyan ƙota ne matsalar, wato siririn wurin riƙo bayan kunama, da aikin ya fi sauƙi ta wani gefen ya fi haɗari ta wani. Nan ne maƙeran bindiga suka saba lanƙwasawa, suna naɗe wurin da ƙyalle suna kwarara masa man linsid mai zafi har ya ratsa. Amma nan ne kuma duk dukan harbi yake bi, kuma ƙotar da dogon noti ya ratsa ta daga gindi, ko wadda man bindiga ya jiƙa kanta shekara da shekaru har katakon ya yi baƙi ya yi laushi, ko mai tsohuwar tsaga, tana iya karyewa a hannunka. Wannan aikin ƙwararre ne. Dogayen ƙotocin bindigar ɗuri ta baki kuwa, waɗanda gabansu siriri ne har bakin bututu, ba sa bukatar wuta ma. Bututunsu mai kauri ne ƙwarai, in an mayar da shi a hankali aka naɗe su tare da tsiri na roba aka bar su makonni, katakon yakan bi ƙarfen.

Ƙotar da aka yi da fallayen katako manne da juna ba a gasa ta, don gam ɗin ne zai fara saki. Da wuya ma ta bukaci haka. Jamusawa sun koma irin wannan ƙota a bindigarsu ta Kar98k tun ƙarshen shekarun 1930, kuma ɗaya daga cikin amfaninta shi ne motsin kowane falle yana kashe na maƙwabcinsa. In taka ta murɗe kuma jijiyarta ta yanke ta gefe, gaskiya sabuwar ƙota irin wannan za ta fi maka sauƙi a kan kokawa da tsohuwar. Ka adana tsohuwar in tana da tarihi.

Ranar haɗawa, ka ɗaure notukan a jere ɗaya da ƙarfi ɗaya kowane lokaci, kada ka murɗe har katako ya lotsa. Da bindiga babu harsashi, bakinta na kallon inda babu kowa, ka gwada kunama da makullin tsaro sau da yawa, ka ɗana ta ka buga gindin a kan abu mai taushi ka ga ko za ta saki da kanta. Katakon da ya motsa yana iya taɓa kayan kunama, kuma in ka ga wani sauyi a nan, ka kai wa maƙerin bindiga kafin ka sa harsashi. A filin gwaji ka harba uku bututu na sanyi, ka bari ya huce, ka ƙara uku, sannan ka yi biyar a jere ya ɗumama ka sake zura katin nan ƙarƙashinsa. Daga nan ka riƙa ajiye ta da ƙarfenta a jiki, a tsaye sosai ko a kwance bisa matallafi biyu, a wurin da laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55, kuma duk lokacin da yanayi ya juya daga ruwa zuwa rani ka sake gwajin katin kafin ka fita da ita.